Moro Ba Ya Cin Kifi

Duk wanda ya san Moro a unguwar Tompkinsville ta New York ya san abu biyu game da shi: yana tuƙa tasi daga filin jirgin JFK, kuma ba ya cin kifi. Ba soyayye, ba busasshe, ba na gwangwani. Matarsa Hamdatu har shito daban take yi masa, yajin nan na Gana, ba tare da garin kifi ba. Abokai kan tsokane shi, wai ina aka taɓa ganin ɗan mai soya kifi a garin Tema na Gana yana gudun kifi? Sai ya yi murmushi ya kau da kai. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, Moro da ƙanensa Abdulai suka shiga wani jirgin kamun kifin tuna mai tutar Taiwan. Wata ashirin da biyu ba su taka ƙasa ba. Fasfo yana hannun kyaftin, waya babu, barcin awa huɗu kuwa sai ranar da aka yi sa'a. Wata rana ƙugiya ta yagi ƙafar Abdulai, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi. Moro ya durƙusa wa kyaftin a kan a juya zuwa gaɓa. Shi kuwa mugun, Allah wadaran halinsa, ya nuna teku ya ce kifi na ci, ba inda za a je. Bayan kwana tara Abdulai ya cika.

Moro ya nemi ruwan wanka da farin ƙyalle, aka hana shi. Aka ɗauki ɗan Musulmi aka sa a firiza tsakanin kifaye. Wata huɗu Moro na shiga ɗakin nan kullum yana jera tuna, yana yi wa ƙanensa sallama. Da firiza ta cika aka buƙaci wuri, sai aka jefa Abdulai a teku, domin a wajensu kifi ya fi shi daraja.

Da ya koma Tema ya kasa faɗa wa Mma, mahaifiyarsu. Ya ce a asibiti Abdulai ya rasu, a wani gari na bakin teku, limami ya yi masa wanka, aka binne shi ƙarƙashin itace. Bayan shekara uku ya ci cacar biza ya zo Amurka da ƙaryarsa da ƙullinsa. Kowace asuba, in ya idar da salla, sai ya ja wa kyaftin Allah ya isa. Da tafiya ta yi tafiya, ƙiyayyar ta wuce kyaftin ta haɗa da tsibirin Taiwan gaba ɗaya, har jariran da ba a haifa ba.

Wata Laraba da la'asar layin tasi ya kawo kansa a filin jirgi, wata mace mai furfura ta shiga motarsa za ta unguwar Flushing. A jakarta akwai hoton kifi da alamar Wi-Fi. Ya tambaye ta da Turanci ko daga China take.

"Taiwan," in ji ta.

Moro ya damƙe sitiyari. Wallahi sai da ya raya a ransa ya sauke ta a tsakiyar babban titi da akwatinta.

"Na san mutanenku," ya ce. "Kun sa ƙanena a firiza."

Ya yi zaton za ta musa, ko ta ce a tsaya ta sauka. Sai ta cire tabarau ta ce, "Wace shekara? Wane jirgi?"

Sunanta Liao, 'yar masunci ce. Ta ce ƙungiyarsu, tare da masunta 'yan Indonesiya da Filifin, ta daɗe tana matsa wa hukumomin ƙasarsu a wajabta wa jirage sa Wi-Fi, don ma'aikaci ya iya kiran gida ko kai ƙara daga tsakiyar teku. Ta zo New York ne ta gana da masu sayen tuna. "Amma ba a kai teku ƙara," ta ce. "Suna muke buƙata."

A nan Moro ya farga. Bai san sunan jirgin ba. Da rubutun Sinanci aka rubuta shi, kuma ba wanda ya taɓa karanta musu. Shekara goma sha huɗu yana tsine wa abin da bai san sunansa ba!

Sai ya tuna da fenti. Duk lokacin da tsatsa ta ci sunan, shi ake ɗaure wa igiya a ƙugu a zura shi gefen jirgi da burushi, ya bi zanen ya sabunta. Ya ratse gidan mai, ya juya bayan rasit, ya bar hannunsa ya yi aikinsa. Zane uku da lamba, ba gargada ko ɗaya.

Liao ta karanta da ƙarfi, karo na farko ke nan da sunan ya shiga kunnensa. Ta duba wayarta ta ce jirgin yana nan yana aiki, mai shi bai canja ba, kuma daga nan za a iya gano kyaftin ɗin da ya riƙe shi a shekarar. Moro ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Sai dai akwai sharaɗi. Shaidar da ba fuska ba suna, masu jirage kan ce ƙirƙira ce. Dole ya zauna gaban kyamara ya faɗi komai da bakinsa.

"Ka yi tunanin Mma," in ji Hamdatu da ya ba ta labari. "WhatsApp ba ya da ƙofa. Kafin bidiyon ya kai Taiwan ya kai Tema. Tsohuwa da hawan jini, kana so ta ji a bakin maƙwabta?"

Kwana uku Moro yana juya maganar. In ya yi shiru, kyaftin ya ci bulus. In ya yi magana, ya tone kabarin da ya gina wa uwarsa da bakinsa, kabarin da take kai wa addu'a kullum. Ranar Asabar da hantsi ya zauna a mota a ƙofar gida ya kira ta.

"Mma, akwai maganar Abdulai da ban..."

"Moro," ta katse shi. "Shekara arba'in ina soya kifi. Ranar da ka dawo na ajiye maka tuna mai zafi, ka fita bayan gida ka yi amai. Tun ranar na san ɗana ba ya cikin ƙasa. Na yi shiru ne saboda kai."

Ya faɗa mata duka, ƙugiyar, kwana taran, firizar. Ba ta yi kuka ba.

"Wata nawa a cikin ƙanƙarar?"

"Huɗu, Mma."



"Shi da ba ya son sanyi," ta ce a hankali. Sannan muryarta ta koma irin wadda take ciniki da ita a kasuwa. "Je ka faɗa. Ka faɗi sunansa cikakke, Abdulai ɗan Salifu. Ka ce uwarsa tana raye, kuma ba ta yafe ba."

Ranar Litinin Moro bai fita aiki ba. Ya biya unguwar Stapleton ya sayi farin kwali da baƙin fenti da burushi. Ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya zauna gaban kyamarar Liao, ya zana sunan jirgin manya-manya yadda ya saba. Ya ɗaga kwalin daidai ƙirjinsa, ya fara da saƙon Mma.