Wutar da Kaka Ta Ƙi Kaiwa Gida

Hita ɗin ɗumama gidanmu na unguwar Tremont, can ƙasar Turawa, sai ƙara, ba ɗumi. Don haka in sanyi ya shigo, bayan magariba Kaka takan kunna gas ɗin kicin, ta ɗora gyaɗa a kasko, ni da ƙanwata Zulai mu raɓe kusa da ita. Ta ba mu labari da Hausa, mu yi mata gardama da Turanci.

Lokacin da nake shekara sha biyu, yayanmu Habibu yana soja, an tura shi Koriya ta Kudu, dab da iyakar da ta raba Koriya biyu. Kullum talabijin maganar makamai take. Mama ta daina cin abincin kirki. Ni kuwa in waya ta yi ƙara, sai in riga kowa ɗauka.

Kwatsam aka nuna shugabannin ɓangarorin biyu sun gaisa a kan iyaka. Muka hau tsalle. Kaka ko murmushi ba ta yi ba.

“Ku zauna, sarakan rawar kai,” in ji ta. “Ga wata tatsuniya nan tafe gare ku.”

Wai wani gari ne ya rabu biyu, ’yan uwan juna suka ja kwari da baka, rafi a tsakaninsu. Ran nan ruwan sama ya kashe duk wutar tsallaken gabas. Yara na kukan yunwa. Wata tsohuwa ta ɗauki tsingaro ta haye ɗebo wuta, kamar yadda maƙwabta ke yi tun kafin rigima. Mutanen yamma suka dube ta, kunya ta kama su, suka zuba mata garwashi.

“Shi ke nan, sun shirya!” in ji Zulai.

“Ke dai gaggawa. Duhu ya yi. Samarin garinsu na gadi a bakin rafi. Me za su gani?”

Na ce, “Wuta tana tahowa daga wajen abokan gaba.”

“To.” Ta kashe gas ɗin.

“Kaka, sun harbe ta?”

“Ku tambaye ni ran da Habibu ya dawo.”

Na ji haushinta ƙwarai. Wata da watanni ina kwana da tsohuwar nan tsaye a tsakiyar rafi, ina jin tsoron yatsan wani saurayi da ban sani ba.

Ran da Yaya ya dawo, kafin ya cire takalmi na ja zanen Kaka.

“Tsohuwar ta isa gida,” ta ce. “Da tafin hannunta ta rufe garwashin don kada su hango. Har ta mutu hannun bai ƙara buɗewa ba.”

Yanzu da na girma, in na ga manya suna musafaha a talabijin ina murna, ba na musu. Amma nakan ji tsoro, don na san saura komawa gida, kuma ban san hannun wa za a ƙone ba.