Na Dafa Wake Da Maganin Maigidana

Edita, jikata ce ke rubutawa, ni nake faɗa, don idona ya mutu. A zamanin babban yaƙin Turawa ina matar aure mai ’ya’ya biyu a unguwar Adjamé, can kurmi, ga baki ga alfahari da girki. Maigidana mahauci ne, mutumin Ƙonni. Kullum da sassafe yakan ƙetare gada zuwa unguwar Treichville ya kasa nama, da yamma ya dawo da rabonsa na kayan ciki: hanta, ƙoda, saifa. Su nake soya masa safe da dare, ina yi wa maƙwabta dariyar cin rogo gaya.

Yana da wata ɗabi’a da mutane ke yaba masa. Ba ya shan ruwa a bakin aiki, don alwalarsa ta asuba ta kai shi azahar, tunda babu wurin tsarki kusa da rumfarsa. Ga rana, ga gumi. Wani malami ya taɓa ce masa addini bai ɗora masa wannan ba, maigida ya yi murmushi kawai.

Ranar da ciwon ya kama shi, namijin da ke kayar da sa shi kaɗai na gani yana birgima a tsakar gida, ya dafe kwiɓi yana amai, fitsarinsa ja. A asibiti lokotoro, wato likita, ya tsoma wata ’yar takarda a fitsarin, ta sauya launi. Tafinta ya bayyana mana cewa fitsarin ya yi tsami da yawa, kuma a cikin tsamin ne dattin da cin kayan ciki ke bari yake daskarewa ya zama tsakuwa a ƙoda. Ya ce irin wannan tsakuwar tana narkewa in aka kashe tsamin. Aka ba mu farin gari a gwangwani a riƙa jiƙawa, aka ce ya sha ruwa sosai, ya bar hanta.

Da ciwon ya lafa, maigida ya ce shi ba raƙumi ba ne da zai yini a bakin randa. Ni kuma na lasa garin, na ji ashe kanwa ce, ɗanɗanonta sak. Kanwar da muke ba jaki! A lokacin, yaƙi ya tsayar da fatake, kanwa ta yi wuya a kasuwa. Wallahi da hannuna na riƙa ɗibar garin nan ina zubawa a wake don ya nuna da wuri, har na sam wa maƙwabciya. Shi kuwa na ƙara masa farfesun hanta, wai ya mayar da jiki.

Ciwon ya dawo da zazzaɓi mai karkarwa, fitsari ya tsaya cak. Muka koma asibiti a makare. Lokotoro ya tambayi inda garin yake, na sunkuyar da kai. Maigida ya kumbura, ya daina gane mu, Allah ya karɓi abinsa kafin Juma’a.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, amma baƙin cikin nan bai sake ni ba. ’Yan’uwana, kada ku raina magani don ya yi kama da abin da ke madafinku, kada kuma ku jiƙa wa kanku kanwa, ku je a auna ku. Ku sha ruwa, alwala ana sake ta. Ranar sadakar ukunsa, mata suka yi ta yaba laushin waken da na dafa, da ragowar garin na dafa shi.