Kawarar da Aka Dawo Mana da Ita

Ni ne Sarkin Ruwa na ƙauyenmu, a ƙasar Kudan. Gado na ci daga mahaifina, kuma lokacin da sarautar ta zo hannuna babu abin da ya rage a cikinta sai suna. Tumatir da rake nake nomawa kamar kowa. Karatuna bai yi nisa ba, don haka abin da na gani shi zan faɗa.

Muna yara, rafinmu yana samun wani kifi da ake kira kawara. Fara ce, siririya, mai ɗan ja a wutsiya, ga ƙaya. Ba a nan take zama ba. Daga babban kogi take haurowa da zarar ruwan farko ya sauka rafi ya yi ja. Sai ka ga bakin ruwa kamar yana tafasa, suna turereniya, suna neman ciyawar fadama su zuba ƙwai. A lokacin babu mai taɓa su. Mahaifina zai kafa sanda a bakin rafi ya ɗaura mata ganyen kaba, an rufe ruwa ke nan. Ko ɓarawon akuya ba ya tsallake kabar nan. Sai bazara, ruwa ya janye ya bar gurabe, sannan a yi shela a kasuwa, a sa rana, a cire kaba. Ranar su ke nan, wato kamun kifi na gayya. Kowa ya faɗa ruwa da homarsa, a kwashe komai, babba da ƙarami. Ba a barin ko ɗaya, domin wanda ka bari rana za ta kashe shi in gurbin ya ƙafe. Kuma ba a yi asara ba, damina na zuwa wasu za su hauro.

Sai aka gina dam a ƙasa da mu. Ba zan zage shi ba, da ruwansa nake noman rani, da shi na aurar da 'ya'yana mata. Amma kawara ba ta hawa bangon siminti. Waɗanda bangon ya tsare a ɓangarenmu muka cinye su a ranar su, kamar yadda muka saba, babu wanda ya yi tunanin komai. Daga nan sai tarwaɗa da karfasa. 'Ya'yana sun girma ba su san kamannin kawara ba.

Shekarun baya kaɗan, cikin damina, wata mata ta zo da mota da tankuna biyu a baya. Ma'aikaciyar kifi ce, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta ta fi tawa daɗi. Aka nuno mata gonata.

"Ranka ya daɗe, an ce kai ne Sarkin Ruwa."

"Haka ake cewa, Madam. Ruwan ne dai ba ya jin maganata."

Ta yi dariya, ta buɗe tanki. Na leƙa, sai ga kawara. Na daɗe ban ɗago kaina ba. Daga ƙasan dam aka kamo su, daga nesa, wasu kamar yatsa, wasu sun kai tafin hannu. Ta ce in suka zauna a tafkin dam za su riƙa hawa rafinmu suna zuba ƙwai kamar da. Abu ɗaya take roƙo: a bar su su zuba ƙwai damina biyu kafin a taɓa su.

Na ce wannan mai sauƙi ne. A gabanta na sari kaba na ɗaura.

Kuma mutanenmu sun girmama kabar, wannan zan shaide su. Damina ta wuce, aka yi kaka, aka yi sanyi, babu wanda ya jefa ko ƙugiya. Matsalar ta zo da bazara. Gurabe suka fara ƙafewa, tarwaɗa tana birgima a taɓo tana mutuwa, shirwa tana ɗauka a idon mutanen da rabonsu da nama tun Sallah.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya fara. Tsoho ne mai baki. Bayan la'asar muna zaune a gindin ɗorawa ya ce, "Wai kai Sarkin Ruwa ne ko maigadin gwamnati?"

"Baffa, alkawari na yi."

"Da kawara ka yi alkawari. Tarwaɗar fa, ita ma Madam ce ta kawo ta? Yayana ya riƙe ruwan nan har haƙoransa suka zube, bai taɓa barin kaba ta ga damina biyu ba. Kai ka zo za ka ciyar da shirwa."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Gaskiya yana da hujja. Kawara a lokacin tana can cikin zurfin dam, inda homa ba ta kai wa. Gurabe na sama babu ita. Na kira Madam a waya, ta ce in dai rafi ne kawai, kuma ruwa bai sauka ba, babu laifi, amma in yi sauri. Da a makon nan na buɗe, da babu abin da zan ba da labari. Sai na ƙi. Ba don kifi na ƙi ba. Dariyar gindin ɗorawa ce ta tsaya mini a wuya, ba na son a ce Baffa ya yi magana na miƙe. Na ce mako mai zuwa. Da ya zo na sake cewa mako mai zuwa. Har sai da hadari ya fara taruwa a gabas sannan na aika aka yi shela a kasuwar Hunkuyi da ta Kudan, aka sa Asabar.

Ranar Alhamis da azahar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Juma'a da safe na je bakin rafi, ya yi ja, ya haɗe da dam. Ga kawara nan. Suna haurowa, suna tsalle a kan 'yar gangarar da muke wanka muna yara, cikkunansu a kumbure. Na zauna a ƙasa cikin taɓo da rigar Juma'ata.

Na je na kamo hannun Baffa na kawo shi. Ya tsaya yana kallo, bakinsa na motsi. Can ya ce, "Yayana bai taɓa buɗe jan ruwa ba."

"To a ɗaga ranar, Baffa."

"Kuma bai taɓa janye shela ba." Ya goge idonsa da bakin hula. "Wa za ka aika Makarfi ya ce kada su zo? Kai ka ja abin nan har ya kai haka, ɗana. Ni ba ni da ta cewa."

Asabar tun hantsi bakin rafi ya cika. Babura daga ko'ina, har daga ɓangaren Ikara. Homa kaɗan ce, yawancinsu gidan sauro suka ɗinko, wanda ko ƙwan kifi ba ya wucewa. Na tsaya kusa da kaba na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, ruwa ya yi ja. Ga abin da ke ciki."

Wani daga baya ya ce, "Mun gani, Sarki, shi ya sa muka tsuke wando."

Wani ya ce, "Daga Janfalan na ƙono mai. In koma in ce wa mai ɗakina na je kallo?"

Samari sun riga sun sa ƙafa a ruwa har idon sawu. Na dubi mutanen ƙauyenmu, kowa ya sunkuyar da kai. Na san in na ƙi za su shiga, kabar tana tsaye. Kuma in aka tsallake ta sau ɗaya a gaban jama'a, ta zama ganye kawai har abada. Wannan lissafin na yi, ko kuma tsoro ne na ji na ba shi wannan suna, har yau ban tantance ba. Na sa hannu na tuge sandar.

Kafin azahar an gama. An tare bakin rafi ta ƙasa da gidan sauro, babu wadda ta koma dam. Mata suna feɗewa a kan duwatsu, ƙwai rawaya yana zuba har ya ɓata wurin, ƙuda ya taru. Aka kawo mini kason Sarkin Ruwa a faranti, kamar yadda ake kai wa mahaifina. Matata ta soya. Na ci. Daɗinta yana nan yadda na san shi, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Baffa ya ce haƙorinsa na ciwo, ya mayar da nasa.

Na sake ɗaura kaba washegari. Madam ta ce wataƙila akwai saura a zurfi, mu jira. Damina ta zagayo, ruwa ya yi ja, na yi kwana bakwai ina zuwa bakin rafi da sassafe. Kwaɗi na gani, sai karfasa.

Da Madam ta zo na gaya mata komai, har da makonnin da na ƙara don taurin kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta rubuta wani abu a littafinta, ta ce za su gwada wani dam a ƙasar Ikara, namu kuma sai yadda hali ya yi. Ta riga ta shiga mota sai ta sauke gilashi.

"Ranka ya daɗe, mutanen can ba su da al'adar kaba. Ko za ka zo ka nuna musu yadda ake rufe ruwa?"

Na ce ta nemi wani.