Butar Shayin Hajiya Wasilatu

Duk wanda ya taɓa tura kaya daga ginin kasuwar Tianxiu a ƙasar Sin ya san kwalin Hajiya Wasilatu tun daga nesa. Sauran masu kago suna rubuta suna da lambar waya. Ita kuwa butar shayi take zanawa da jan alƙalamin maka, mai dogon baki da ɗan murfi a karkace, sannan ta miƙa wa wani ya rubuta sauran. Shekara goma sha shida ke nan tana wannan zane. Ma'aikatan sito ba su taɓa iya faɗin sunanta ba, amma da sun hango ta sai su ɗaga hannu kamar masu tsiyaya shayi, ita kuma ta amsa da gaisuwarsu ta Sinanci da ƙarfi, "Nihau, 'yan nema!"

'Yar Zangon Kumasi ce, doguwa, mai murya kamar ta kwandasta. Takalma da jakunkuna take turawa gida. Ni Mas'uda, 'yar Kano, shagona yana kallon nata, kuma ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta taimakon juna, don haka na sha faɗanta fiye da kowa a ginin nan. Ina ƙaunarta sosai, amma ba zan rufa mata asiri a kan abu ɗaya ba: Hajiya tana son a gan ta. In ta ba ka ruwan sha, sai ta tsaya ta ga ka haɗiye ka yi godiya.

Mu ma dai 'yan ƙungiyar ba mu fi ta ba. Kowace Lahadi bayan La'asar muna haɗuwa a ofishin shugabanmu Alhaji Dogara, Kanawa da 'yan Nijar da 'yan Ghana, a zauna kan kwalaye a sha shayi. Muna duba marasa lafiya, muna tsaya wa wanda bizarsa ta ƙare, in an yi rasuwa mu ne kan gaba. Sai dai ba ma yin komai ba tare da anko da hoto ba. Akwai wani koren ƙyalle mai sunan ƙungiya da muke ratayawa, ya je asibiti ya fi sau talatin. Salamatou, 'yar Maraɗi mai ɗaukar mana hoto, ta taɓa sa mara lafiya ya sake karɓar kwanon abinci sau uku saboda idonsa a rufe yake fitowa.

A ƙarshen layinmu akwai shagon wani ɗan Afghanistan, Zalmai, mai sayar da filas da barguna. Mutum ne mai shiru, kullum da koren shayi a gabansa. Shi da Hajiya suna hira da guntun Turanci da Sinancin kasuwa, rabin maganar da hannu ake yi, amma sun fahimci juna. Wata rana ta shigo shagona ta zauna kan kwali ba sallama.

"Ƙanwata, kin san abin da mutumin nan ya gaya mini? 'Yar ƙanensa, Shukriya, ta gama aji shida, an ce ta zauna gida. Duk 'yan matan ƙasarsu haka, makaranta ta ƙare musu. Yarinya mai kai!"

Na ce na ji a labarai. Ta harare ni, ta ce ita ba labarai take ba ni ba, yarinya take gaya mini. Zalmai ya faɗa mata cewa yayarsa, wadda a da malamar sakandare ce a garinsu, tana tara 'yan mata goma sha huɗu a ɗakin cikin gidanta. Maƙwabta sun san koyon ɗinki ake yi. Bayan an ɗinka hannun riga ɗaya sai a ture keken, a yi lissafi da kimiyya. Littafin rubutu ya yi musu ƙaranci, har yara uku ke raba ɗaya.

Ranar Lahadi ta kawo maganar gaban ƙungiya. Alhaji Dogara ya gyara hula ya ce, "Hajiya, abin da tausayi. Amma mu ma fa ga namu yaran a gida suna zaune a ƙasa."

"Namu suna zaune a ƙasa a cikin aji, Alhaji. Waɗannan ƙofar ajin aka rufe." Ta ɗaga hannu tana duban mu ɗaya bayan ɗaya har kowa ya ɗaga nasa. Ni ban taɓa ganin an yi zaɓe da harara ba sai ranar.

Aka bar mata aikin, ta kuwa yi shi irin namu. Ta je kasuwar Shahe ta sa aka ɗinka hijabi goma sha huɗu, duk shuɗi mai haske, iri ɗaya sak. Ta sayo jakar makaranta ta goyo, ruwan hoda, aka yi wa kowacce surfani da sunan ƙungiya. Littattafan rubutu kuwa, ɗari biyu, ta kai aka buga musu bango mai sheƙi, a ƙasa an rubuta da manyan baƙi: Kyautar Hajiya Wasilatu, Kumasi. Da suka iso ta kira ni na karanta mata layin sau biyu. Ta bi shi da yatsa a hankali.

Ranar miƙawa muka rataya koren ƙyalle, aka dafa shinkafa da wake irin ta Zango, muka sha anko. Zalmai ya zo cikin farar riga. Hajiya ta buɗe kwali ta ɗago jaka ɗaya da hijabi, Salamatou ta saita waya tana cewa, "Alo, ku matso, ku yi murmushi."

Bai matso ba. Ya karɓi jakar ya juya ta, ya duba bangon littafin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora hannu a ƙirji ya yi magana a hankali, Alhaji Dogara yana mayar mana da Hausa. Ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri, amma ba zai iya tura waɗannan ba. 'Yan mata goma sha huɗu da hijabi iri ɗaya, da jakar makaranta a baya, suna shiga gida ɗaya kowace safiya, ko kwana biyu ba za a yi ba za a ƙwanƙwasa ƙofar yayarsa. Littafi mai sunan ƙungiyar waje kuma, in aka same shi a hannun yarinya, uban yarinyar ne zai amsa tambaya. Ya roƙi kada a ɗauki hoto, kada a rubuta komai a ko'ina.

Kunya ta kama mu gaba ɗaya. Mu da muka saba in za ka taimaki makaranta sai an hango ɗalibanka tun daga bakin titi, ko ɗaya cikinmu bai yi wannan tunanin ba. Hajiya ta mayar da jakar cikin kwali, ta ɗauki gyalenta ta fita, ko shinkafar ba ta taɓa ba.

Kwana uku ba ta yi wa Zalmai magana ba. In za ta sito sai ta zagaya ta ɗaya matattakalar. A rana ta huɗu na same ta da hantsi a shagonta, littattafan a jibge gabanta. Na ce, "Yaya, fushin ya isa haka. Mutumin nan gaskiya ya faɗa."

"Na san gaskiya ya faɗa. Shi ya sa nake jin haushi." Ta ɗauki littafi ɗaya. "Aji uku na tsaya, Mas'uda. Babana ya rasu, na koma tallar koko da mamata. Kullum sai na wuce ta bayan ajinmu da bokiti a kai, ina jin ana kiran suna, an tsallake nawa. Shekara hamsin ina so na ga sunana a jikin wani abu na makaranta. Yanzu na gani, an ce na cire."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ban san da wannan ba, duk shekarun nan ina yi mata tsiyar son suna. Sai na ce to a tura su Kumasi mana, a sayo wasu. Ta ce jaka da hijabi su tafi, amma littattafan nan da niyyar yaran can ta saye su, can za su je. Kwantenar Zalmai kuma jibi za a rufe ta.

Ta jawo reza daga cikin durowa. Da hannunta ta yanke bangon farko, ta ajiye shi gefe a kife. Na zauna na taya ta, Salamatou ta zo da takardar naɗe kaya mai ruwan ƙasa, muka yi ta yi wa littattafai sabon bango mara rubutu har azahar ta wuce. Hajiya ce ke yankan, ba ta yarda kowa ya karɓi rezar ba.

Washegari ta ja ni Shahe neman jakar cefane goma sha huɗu, kada biyu su yi kama. A kasuwar da ba a sayar da abu sai dozin-dozin, wannan aiki ne. Ta ɗaga jaka ta nuna yatsa ɗaya, mai shago ya kaɗa kai ya ce, "Meyo, meyo," wato babu. Ta ce, "Lawban, mai gida, ka ji tsoron Allah, shekara nawa ina saye a wurinka?" Haka muka bi shago ya fi ashirin, ƙafata har ta kumbura. Ta kuma roƙo guntayen yadi wurin masu ɗinki, ta ce a riƙa ɗorawa a saman littafi, wanda ya leƙa jaka ya ga kayan ɗinki.

Da ta gama shirya kwalin ta naɗe shi da salatif, hannunta ya yi abin da ya saba: kafin ta ankara ta zana butar. Ta tsaya da maka a hannu, ta dubi Zalmai. Ya yi dariya, karon farko a makon nan, ya nuna filas ɗin da ke cike da shagonsa, ya ce buta ba ta da laifi, a bar ta.

Kaya suka tafi. Baje kolin Pazhou na kaka ya zo ya wuce, baƙi suka cika mana shaguna, maganar ta kwanta. A littafin ƙungiya, inda nake rubuta ayyukan shekara, na bar layin babu komai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Zalmai ya zo shagon Hajiya da wayarsa, ya yafito ni. Yayarsa ta aiko da hoto. Babu fuskar kowa a ciki. Darduma ce ja, an jera littattafai goma sha huɗu masu bango ruwan ƙasa, a kan kowanne an zana butar shayi da biro. Wata mai ƙiba, wata siririya, wata bakinta ya yi tsawo da yawa, amma duka murfinsu a karkace yake. Ya ce kwalin yana kusurwar ɗakin, a ciki suke ɓoye littattafai. Tun da ba a rubuta suna a bangon littafi, yaran suka kwaikwayi zanen, kowacce tana gane nata da irin butarta.

Hajiya ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta matso da ita kusa da ido, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi wanne ne na Shukriya, ya nuna mata na uku daga hagu. Ta ce yarinyar ta fi ta iya zane. Muryarta ba irin wadda na sani ba ce.

Zalmai ya ce dole ya goge hoton yanzu, haka suka yi da yayarsa. Amma akwai saƙo: 'yan matan suna tambayar sunan matar da ta aiko, suna so su riƙa sa ta a addu'a.

Na buɗe baki zan faɗa masa yadda ake rubuta shi, Hajiya ta dafa hannuna. Ta ƙara kallon hoton sau ɗaya, ta miƙa masa wayar, ta goge ido da bakin gyale.

"Goge," ta ce. "Ka gaya musu sun riga sun rubuta shi."