Ɗankwalin Inna a yumɓu

Shekarar da Inna ta rasu ban iya zama wuri ɗaya ba. Sai in hau jirgin metro in sauka ba tare da na san abin da ya fitar da ni ba. A haka na faɗa wani ɗakin koyon sassaƙa a unguwar Gubaira ta birnin Riyad, tsakanin masu walda da masu gyaran firji.

Malamar tsohuwa ce, haifaffiyar Kuroshiya. Mahaifinta mai fasa dutse ne a bakin teku, a hannunsa ta koya. Yaƙi ya raba ta da gida tana matashiya, ta yi ta sassaƙa a ƙasashen mutane har ta ƙare a Riyad tana koyar da mata. Larabcinta gutsure-gutsure ne, tafin hannunta kuwa kaushi kamar bawon itace.

Baba ya yarda in riƙa zuwa, amma da sharaɗi: ban da fuskar ɗan Adam. Ni kuma fuskar Inna kaɗai nake so, don ta fara dushewa a raina. Makonni ina murza yumɓu ina rushewa, in rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma, in koma gida a takure.

“Ya binti, kin gajiyar da yumɓun nan,” in ji malama. “Idan kin rufe ido, me kike fara gani?”

“Bayanta, tana ɗaura ɗankwali.”

“To wa ya ce miki fuska?”

Na gina ɗankwalin shi kaɗai, da ninkinsa da ƙullinsa, cikinsa fayau. Na kasa jira ya bushe. Na ɗauko shi a kwali, na rungume shi a tasi har unguwarmu Shumaisi, ina tunanin ko Baba zai ce wannan ma ya haramta.

Ya dawo daga tuƙi, ya tsaya a kansa bai ko cire takalmi ba. Ya daɗe. Sannan ya sa yatsa a kan ƙullin.

“Ta hagu take ɗaurewa,” ya ce.

Na ji kamar ta sake mutuwa. Har wannan na manta?

“Bai bushe ba, ko? Kawo ruwa, uwata. Zauna in nuna miki.”