Wuyan Shekara da Geron Mariyama

Kullum da an idar da sallar asuba, Shekara ɗan dako yakan naɗa gammonsa ya nufi bariki, inda kayan Nasara ke jiran kan da zai kai su Damagaram. Haka yake fama tun da Faransawa suka zauna mana a Matameye. Bana ya ajiye gammo, kuma har yau ba wanda ya taka ya ce masa sannu. Wallahi mun ji kunya.

Bari in tuna muku abin da ya faru a gonar Mariyama, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara. Wani baƙon kumandan ya zo da akwatin hoto mai ƙafa uku, wai so yake ya ɗauki hoton wata yana ɓullowa ta bayan babbar kukar nan ta hanyar Dungu. Ya yi ta zagaye yana aune-aune, Shekara na biye da akwati a ka, har ya ce ba inda ya yi masa sai tsakiyar gonar nan. Da ya ga gero ya tare masa kukar, sai ya ce wa gardin da ke tsaronsa a sare. Geron da saura ƙiris ya nuna! Abincin marayu fa, don hoto!

Mariyama ta zube tana roƙo. Shekara ya ga an zaro adda, sai ya durƙusa gaban tafintan kumandan.

"Ranka ya daɗe, in tsawo yake nema, ai ga kanmu. A kawo gadon katako ya hau."

"Shi da akwatin? In ka motsa hoto ya ɓaci, bayanka zai gaya maka."

"Na ji."

Ummaru, abokin dakonsa da ya ɗauki ɗaya gefen gadon a ka, shi ya ba ni labari. Tun kafin magariba suke tsaye, nauyi duk a gefen Shekara, Nasara a sama yana buga takalmi in an yi numfashi da ƙarfi. Cinnaka suka hau ƙafar Shekara suna cizo, hawaye na zuba, bai motsa ba har wata ya fito.

Hoto ya tafi Faransa, an ce ya yi kyau. Mutumin da ke ƙarƙashi kuwa, ko sunansa ba a tambaya ba. Mariyama ta girbe geronta, yaranta suka ci har damina.

Kai ne ginshiƙin da ba a gani, Shekara. Tun daga ranar nan wuyanka bai sake miƙewa ba, ga shi yau yara na kwaikwayon tafiyarka a kasuwa, iyayensu na dariya. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu dariya, da wuyanku lafiya lau, kowa ya tambayi kansa me ya taɓa ɗauka don wani.