Hatimin da Ya Ruɓar da Kifin Kawuna

Akwai lokacin da magana ba ta zama gaskiya daga Bebeji har Doguwa sai na ce ta zama. Ko hadari ne ya haɗu a gabas, sai an leƙa wayata kafin a kwashe shanya. Na sha faɗa a majalisa cewa manyan masu tantance labarai na birni ba sa karya kumallo sai sun duba abin da na rubuta, in na yi tari kuwa ofishinsu gaba ɗaya ya kamu da mura. Ku riƙe wannan magana, 'yan samari, za mu dawo kanta.

Ni ɗan bakin dam ɗin Tiga ne. Iyayenmu suna cikin waɗanda ruwa ya ci garinsu aka dawo da su tudu. Dangin mahaifiyata duk masunta ne, amma ni tun ina ƙarami ba ma shiri da ruwan da ya wuce gwiwa. Kifi a faranti kawai na san shi. Sai na buɗe rumfar cajin waya a bakin kasuwa, kusa da teburin Malam Tanko mai shayi. Duk labarin da ya shigo waya ni nake karanta wa jama'a, in ya yi lami in barbaɗa masa gishiri. Har suna aka sa mini, Gidan Rediyo. Ban taɓa cutar kowa ba a lokacin. Shayi kyauta da dariyar mutane sun ishe ni.

Sai Habu ya shigo lamarin. Habu ɗan Kawu Isa ne, wan mahaifiyata, wato taubashina. Na girme shi nesa ba kusa ba, ni na koya masa keke. Mutum ne mai shiru, in ya yi sallama sai ka matso kafin ka ji. Wai shi aka ɗauka aiki a wani shafin intanet na masu bin diddigin labarai, waɗanda za su ɗauki jita-jita su bi ta har inda aka haife ta, su dawo su ce gaskiya ce ko ƙarya.

Wata safiya ina tsakiyar ba da labarin wani kada mai tsawon tirela da aka ce an kama a Ɗansoshiya, ga hoto ina nunawa, sai Malam Tanko ya ce, "Gidan Rediyo, dakata tukuna. Bari mu ji me shafin su Habu zai ce." A gaban mutane! Bayan kwana biyu shafin ya ce haɗa hoton aka yi, kadan ko tsawon benci bai kai ba. Ranar har mai gyaran takalmi ya yi mini dariya. Shayin da aka miƙo mini ji na yi kamar ruwan maɗaci.

Daga nan na ɗaura ɗamarar yaƙi. Kullum ina tambayar majalisa: wa yake biyan su albashi? Me ya sa sai sun rubuta da Turanci kafin su tuna da mu? Me ya sa ƙaryar talaka suke kamawa da wuri, alƙawarin babban mutum kuwa sai su ce suna kan bincike? Kada in yi musu sharri, kada kuma in wanke su: wasu tambayoyin nawa suna kan hanya, shi ya sa mutane suka saurara. Amma ni ba gyara nake nema musu ba. Gaisuwar da ake yi wa Habu a masallacin Juma'a ita ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Dattijo ya kama hannunsa ya ce "Malam Habu, Allah ya ƙara basira," ni kuwa a wuce ni da "Rediyo, yau me aka kama?"

Sai na buɗe nawa shafin. Na sa aka zana mini hatimi biyu, kore mai cewa GASKIYA NE, ja mai cewa ƘARYA NE. Su sai su yi kwana uku suna bincike, ni kafin shayi ya huce na yanke hukunci. Dabarata guda ce: in sun ce ja in ce kore, in kuma sun yi shiru in duba abin da mutane suke son ji in buga masa. Wallahi mabiya suka yi ta shigowa daga Ƙofa, daga Kiru, daga Tudun Wada, har na fara tafiya ina tura ciki gaba.

Ɓarna da kaji biyu ta fara. Wani mai sayar da taki da ake cewa yana gauraya shi da yashi ya aiko mini da su, na buga wa maganar ja ban ko taɓa buhunsa ba. Da na ga abin yana ci, sai na daina jiran jita-jita ta zo da kanta. Ni zan ƙirƙiro ta, sannan in kira mutum in ce, "Alhaji, ana wata magana a kanka fa, ga hatimi a hannuna, ban san wanne zan ɗauka ba." Da yawa sun ba da na goro don tsoron bakina.

Ana nan sai wani hoto ya fara yawo: matattun kifaye jibge a bakin ruwa, an rubuta wai masuntan Tiga ne suke zuba guba don kama kifi. Shafin su Habu ya ce ƙarya ne, tsohon hoto ne daga bakin teku a wata ƙasa. Da na karanta, daɗi ya kama ni har na tashi tsaye. Na ce yau na kama su. Na buga kore, na rubuta cewa ba abin mamaki ba ne su kare masunta, tunda uban ma'aikacinsu masunci ne, kuma shi ne kan gaba wajen zuba gubar. Na kama sunan Kawu Isa. Don magana ta zauna, na ƙara da cewa ni da kaina na ɗauki hoton.

Washegari dillalan da suke zuwa da motoci daga Kano ba su zo ba. Kashegarinsa ma haka. Mata masu suya suka kife kaskonsu. Kifi ya kumbura a kwanduna, wari ya hana mutane zama a bakin ruwa. Har wasu samari suka je suka yayyaga komar Kawu, wadda ya fi shekara yana saƙarta da hannunsa.

A rana ta huɗu Kawu ya zo rumfata da sandarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan nan, ɗakin da aka haifi uwarka yana ƙarƙashin ruwan nan. Kabarin kakanka ma yana ciki. Ni ne zan zuba musu guba?" Na ce, "Kawu, ai aiki ne, ba ruwansa da zumunci." Ya dube ni ya juya.

Masunta suka kai ƙara. Da labari ya bazu, waɗanda na tatsa su ma suka fito, har da mai kaji biyu. A kotu alƙali ya sa aka nuna hoton, ya ce tunda ni na ɗauka, in faɗi wane irin kifi ne. Na gyara riga na ce, "Ranka ya daɗe, karfasa ce, da 'yar tarwaɗa jefi-jefi." Masuntan da suka cika benci suka fashe da dariya har sai da aka tsawata. Kawu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tun ina da baƙin gashi nake cikin ruwan nan, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a cikinsa. Kuma a duba bayan hoton, yaushe muka shuka kwakwa a Tiga?" A nan kuma na ji cewa Habu bai ma sa hannu a binciken ba. Da ya ga maganar ta shafi sana'ar ubansa, shi ya ce a ba wa wani.

Aka ɗaure ni. A gidan yari na san darajar abin da na raina. Kowane mako sai magana ta tashi wai za a yi afuwa ranar Juma'a. Ni da na san yadda ake dafa irin wannan, ni ne farkon naɗe bargo. Wani ɗan Doguwa da ya taɓa bin shafina yakan ce, "Gidan Rediyo, buga mana kore mana!" Juma'a ta zo ta wuce, mu warware bargo. A nan na gane mutum ba ya gaskata magana don ta tabbata, don yana son ta ne.

Da na fito, bakin ruwa na fara zuwa. Na durƙusa a gaban Kawu. Ya ce ya yafe, amma dillalai biyu har yau ba su dawo ba, wannan kuwa ba yafiyarsa ce za ta dawo da su ba.

To 'yan samari, ban ce ku haɗiye duk abin da masu tantance labarai suka ce ba. Mutane ne, suna kuskure, suna da inda suka karkata. Ku tambaye su. Amma kada ku tsaya a launin hatimi, hatimi ko ni na yi. Ku duba ko sun nuna inda suka samo hujja, ko suna fitowa su ce mun yi kuskure. In kuma kuka ji mutum yana ta ihun ana son kai, ku leƙa ku ga wa ake gaisarwa a masallaci shi ba a gaishe shi.

Habu ne na ƙarshe da na nema. Na same shi yana gyara wa ubansa koma. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Amma hali ya ƙi barina, na ce, "Taubashi, faɗi gaskiya dai, shekarun nan da muka yi muna gasa, na hana ofishinku sakat ko?"

Ya ɗago kai yana dubana da mamaki na gaske. Ya ce, "Gasa kuma? Wallahi Taubashi, ban san kana da shafi ba sai ranar da Baba ya dawo gida da kifinsa."